Yadda Nake Koyar da Zamanin Kafin Rubutu da Kwale-kwale Guda Ɗaya

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, kuma a shekarun farko babu darasin da yake mutuwa a hannuna kamar na mutanen farko. In rubuta "zamanin dutse" a allo, yara su kwafa, su haddace, su zuba mini a jarrabawa. Bayan mako biyu in na tambaye su, sai ka ce an shuka dusa. Haka ma ginshiƙan nan biyar na labarin ƙasa, suna iya jero su kamar karatun allo, amma ba su san me ake yi da su ba. Aikin ya sauya mini ne ranar da na daina raba darussan biyu. Na ɗauko abu guda da aka tono a ƙasarmu, na sa yara su yi masa tambayoyi biyar. Abin nan shi ne kwale-kwalen Dufuna. Ɗan'uwa malami, ko 'yar'uwa malama, ga yadda nake yi, ka ɗauki wanda ya dace da ajinka.

Ginshiƙan biyar ɗin, wasu ƙungiyoyi biyu na malaman labarin ƙasa a Amurka ne suka tsara su a 1984. Ni ba na ba yara su a matsayin sunaye, tambayoyi nake mayar da su. Ina wurin yake? Yaya kamanninsa? Me mutum ya yi wa wurin, me wurin ya yi wa mutum? Me ke shiga, me ke fita? Da waɗanne wurare ya yi tarayya har aka kira su yanki ɗaya? Ka rubuta su a gefen allo, ka ja musu layi, ka hana kowa gogewa har a gama.

Kayan aikin ba su da tsada: igiya mai tsawon mita 30, tef na awo irin na magina, toka rabin bokiti, taswirar Afirka da ta Najeriya. In da hali ka sa darasin a zango na biyu, cikin Janairu, lokacin da hunturu ya kankama. Za ka ga dalili a gaba.

Ranar farko kada ka ambaci kwale-kwale sam. Fita da su fili, ka shimfiɗa igiyar, ka ce kowane santimita ɗaya shekara 100 ne, kuma bakin igiyar da ke hannunka shi ne yau. Ka sa yaro ya nuna 1960, shekarar 'yancin kai. Ba zai kai santimita ɗaya ba, faɗin farcensa ma ya rufe shi. Jihadin Shehu Usmanu na 1804 yana wajen santimita 2. Hijira tana wajen santimita 14. Farkon rubutu a duniya, a ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu da kuma Masar, shekara kamar 5,000 ke nan, wato santimita 50. Ka ɗaura jan ƙyalle a nan, ka ce musu duk abin da ke bayan ƙyallen nan shi ake kira zamanin kafin rubutu. Sannan ka tura yarinya ɗaya ta bi igiyar har ƙarshenta. Inda ta tsaya, mita 30 daga gare ku, nan ne ƙasusuwan mutane masu kama da mu mafiya tsufa da aka samu, a Jebel Irhoud ta ƙasar Maroko, masu shekara kusan 300,000. Makaman dutse da aka tono a Gona ta ƙasar Habasha kuwa shekararsu miliyan 2.6, wato mita 260. Igiyar ba ta kai ba. A makarantarmu sai yaro ya fita ta ƙofa ya tsallaka titi kafin ya cika takun. Ka bar su su tsaya su dubi tazarar da ke tsakanin jan ƙyallen da wancan yaron da suke hange can nesa. Kada ka yi magana na ɗan lokaci. Gani ya kori ji.

A nan ne kusan kowace shekara wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ina Annabi Adamu a kan igiyar?" Kada ka basar da shi, kada kuma ka bari 'yan aji su yi masa dariya, domin tambayar daga zuciya ta fito. Ni abin da nake cewa shi ne, "Ɗana, abin da na ɗora a kan igiyar nan abin da aka tono ne daga ƙasa aka auna shekarunsa. Wannan tambaya taka ka kai wa malamin addini, in ya amsa maka ka zo ka faɗa mini." Nakan kuma tuna musu cewa a Suratul Ankabut an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fara halitta. Da haka hankalin kowa yakan kwanta, mu ci gaba.

Rana ta biyu ka ba da labarin. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a gefen ƙauyen Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu. Da ya yi zurfin mita 5 sai ya ci karo da ice mai tauri. Bai faskara shi ya wuce ba, ya kai rahoto. A 1994 masana ilimin kufai daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, Abubakar Garba da Peter Breunig, suka jagoranci tono shi, da leburori kusan hamsin, aikin mako biyu. Abin da ya fito kwale-kwale ne da aka sassaƙa daga gungume ɗaya, tsawonsa mita 8.4, faɗinsa rabin mita, kaurin jikinsa santimita 5. Da aka auna shi a ɗakunan gwaji biyu a Jamus, sai aka ga ya kai shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka sani a Afirka da ya girme shi, a duniya ma 'yan kaɗan ne, irin wanda aka samu a Pesse ta ƙasar Holan. An kai shi Damaturu aka adana.

Kada ka tsaya a faɗa da baki. Ka sake fita da su, su ja tef, su zana kwale-kwalen da toka a ƙasa daidai girmansa, gaba da baya masu tsini. Ka ce su shiga su zauna ɗaya bayan ɗaya. Rabin mita bai fi faɗin kafaɗar babban mutum ba, don haka sai a jere. Na ga yaron da ba ya buɗe baki a aji ya zauna a gaba, ya ɗauki kara yana tuƙi, yana ba na baya umarni su daina motsi kada su kife. Ka kuma koma kan igiyar jiya su nemo gurbinsa: santimita 80, bayan jan ƙyalle da santimita 30.

Wani zai tambaya yadda aka san shekarun. Amsar ba ta da wuya. Duk abu mai rai yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon a jikinsa. In ya mutu ɗaukar ta tsaya, wanda ke ciki kuma ya riƙa raguwa, rabinsa yana tafiya a duk shekara 5,730. In an auna abin da ya saura a cikin icen, an san lokacin da aka sare bishiyar. Nakan kwatanta da randa mai yoyo wadda ka san saurin ɗigarta: ka leƙa ka ga inda ruwa ya tsaya, ka san tun yaushe aka cika ta.

Yanzu sai tambayoyin.

Ta farko tana da sauƙi, kada ka ɓata lokaci a kanta. Su nemo Potiskum da Gashuwa a taswira, Dufuna tana tsakaninsu, kusa da kogin Komadugu Gana. Wannan shi ne faɗin wuri ta hanyar maƙwabtansa, yadda ake yi wa baƙo kwatance. Sannan su bi layukan taswira su karanta lambobinsa, wajen digiri 12 arewa da ikwaita, digiri 11 gabas. Ka nuna musu cewa lambobin nan ba su sauya ba tun ranar da aka sassaƙa jirgin. Sauran amsoshin huɗu kuwa duk sun sauya.

Tambaya ta biyu ita ce zuciyar darasin, a nan nake kwana. Ka tambaye su yaya Yobe take a yau. Za su ce rana, yashi, ƙayoyi, kogin da ke cika da damina ya janye da rani. Sai ka ce, to mutumin da ke zaune a irin wannan wuri me zai yi da jirgi mai tsawon mita 8? Ka ƙyale su su yi gardama. Da kansu za su iso ga cewa lallai a da akwai ruwa mai yawa. Sai a lokacin ka ɗauko taswirar Afirka.

Tsakanin shekara kamar 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara ba hamada ba ce kamar yau. Wani ɗan sauyi a yadda duniya ke karkata tana kewaya rana ya sa zafin bazara ya ƙaru a arewacin duniya, iskar damina ta ƙara ƙarfi, ta riƙa kai ruwa can cikin arewa. Ciyawa ta rufe inda yanzu tudun rairayi ne, tafkuna suka cika. Tafkin Chadi na wancan lokaci ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000, fiye da kashi ɗaya cikin uku na Najeriya. Ka sa su kwatanta da 1963, lokacin da iyayenmu ke ganin tafkin a cike yake, alhali faɗinsa 25,000 ne kawai. Tsohuwar gaɓarsa tana nan har gobe, wani dogon tudun yashi da ya bi ta Maiduguri da Bama ya shiga Kamaru. Mutanen Dufuna a ƙasar koguna da fadamu suke zaune, waɗanda ke kwarara zuwa wannan babban ruwa.

Ga dalilin da na ce ka jira hunturu. Ka ce kowa ya shafa yatsa a kan tebur ɗinsa ya duba. Farar ƙurar nan da ke toshe mana hanci, ta busar da leɓe, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta. Kwarin nan shi ne wuri mafi zurfi na tsohon tafkin. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani. Wata shekara wata yarinya ta daɗe tana kallon yatsarta, can ta ce, "Malam, ke nan ƙasan tafkin ne a hannuna?" Na ce mata shi ne. Ba ta goge ba har aka buga ƙararrawa.

In kana da lokaci ka ƙara musu da shaidu biyu daga Nijar. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙumin dawa a jikin dutse, tsawonsa ya haura mita 5, an sassaƙa shi har da dabbare-dabbaren jikinsa. Wanda ya zana shi ya san dabbar ido da ido. Yau in kana son ganin raƙumin dawa a Nijar sai ka gangaro kudu, wajen Kure kusa da Yamai. Na biyu shi ne Gobero a hamadar Tenere. A shekara ta 2000 Ba'amurke Paul Sereno ya je neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun kafin mutum, sai ya faɗa kan maƙabarta mai kabari kusan 200 a bakin wani ƙafaffen tafki. An samu masun kamun kifi na ƙashi, da ƙashin giwan ruwa, da na kada, da na dorina. A wani kabari an samu mace da yara biyu an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe. Nakan faɗi wannan a hankali, domin a nan ne yara ke gane cewa waɗannan mutane ne masu 'ya'ya, masu kuka in sun yi rashi.

Tambaya ta uku, abin da mutum ya yi wa wuri da abin da wuri ya yi masa, ka fara ta da icen kansa. Dangin maɗaci ne. Yaranmu sun san maɗaci, sun san ɗacin ɓawonsa, wasu an taɓa jiƙa musu shi. Ka tambaye su wane irin girma bishiya za ta yi kafin a fitar da gungume miƙaƙƙe na mita 8 daga jikinta, kuma ko akwai irinta a dajin garinsu yanzu. Daga nan ka tambayi ɗan masassaƙi, in akwai shi a ajin, da me babansa ke fafe turmi. Zai ce gizago da gatari. Sai ka tuna musu cewa a lokacin babu ƙarfe. Narkar da tama a wannan ƙasa, kamar yadda aka gani a Taruga, wani mazaunin mutanen Nok, tsofaffin mazauna tsakiyar Najeriya, sai bayan shekara fiye da 5,000 ta zo. Da dutse aka fafe jirgin nan har jikinsa ya dawo kaurin yatsu uku, bai fashe ba. Ni a ganina wanda ya yi wannan ba ɗan koyo ba ne, ya gaji sana'ar ne daga wasu da suka gada. Saboda haka ba na yarda yaro ya rubuta mini cewa mutanen zamanin dutse jahilai ne. In ya rubuta, nakan ba shi dutse da guntun ice in ce ya fafe mini cokali.

Shi ma wurin ya yi nasa. Me ya hana icen ruɓewa, alhali ƙyauren ɗaki shekara nawa yake yi gara ta cinye shi? Jirgin yana kwance ne a kan yashi, a jiƙe sharkaf, yumɓu hawa-hawa ya rufe shi ya hana iska shiga. Inda babu iska, masu cin ice ba sa rayuwa.

Tambaya ta huɗu, kai-komo, kwale-kwale da kansa amsa ne, don ba a sassaƙa shi domin a zauna wuri ɗaya. Amma ka faɗaɗa musu. Ka zana kibiya a taswira daga arewa maso gabashin Afirka zuwa ƙasar Larabawa: shekara kamar 60,000 zuwa 70,000 da suka wuce wasu mutane suka fita daga Afirka, zuriyarsu ta bazu har ta kai Ostireliya shekara kamar 50,000 da suka wuce, kuma wannan sai da aka tsallaka teku. Sannan ka dawo gida. Da Sahara ta fara bushewa, masu shanu suka riƙa gangarowa kudu suna bin ruwa da ciyawa. Da tafkin ya ja baya, mutane suka sauka a ƙasar da ya bari, irin mazaunan Gajiganna a Borno, shekara kusan 3,800 da suka wuce. Geron da muke damawa kullum ma ɗan tafiya ne. Tsofaffin shaidun nomansa a kwarin Tilemsi na Mali aka same su, masu shekara kamar 4,500, daga baya ya kai har Indiya. In akwai 'ya'yan makiyaya a ajin, ka ba su dama su faɗi yadda ake tafiya mashekari da cin rani. Sun fi ka sanin wannan babin, kuma ba kasafai ake tambayarsu komai a aji ba.

Ta biyar gajeriya ce. Ka sa su bi koguna a taswira da yatsa: Hadeja, Jama'are, Komadugu Yobe, Shari, Logon. Duk ba sa zuwa teku, tafkin Chadi suke nufa. Ƙasar da ruwanta ke gangara wuri ɗaya yanki ɗaya ce, ko da iyakokin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru sun ratsa ta. Shi ya sa ƙasashen huɗu suka kafa hukumar kula da tafkin a 1964. Ka kuma nuna musu cewa layin da ya raba Sahara da Sahel a taswirar bango ba a kafe yake ba, a zamanin kwale-kwalen yana can arewa da nisa.

Aikin gida shi ne su ɗauki tambayoyin nan biyar su kai su garinsu. Kusan kowane gari yana da kufai a bayansa, inda manoma ke tono tsingaro da dutsen niƙa in suna huɗa. Su tambayi kaka ko kakanni su waye suka zauna a can, me ya tashe su, rijiya ce ta ƙafe ko yaƙi ne ko annoba, ina suka koma. Su zana taswirar wurin da hannu, su nuna gabas. Wata ɗalibata ta taɓa zuwa da wani baƙin dutse mai santsi, mai baki kamar na gatari, a naɗe cikin tsumma. Ta ce kakarta ce ta ba ta aro, gatarin aradu ne, tsawa ce ke jefo shi. Na zagaya da shi aji kowa ya taɓa, suka ji yadda aka goge bakinsa ta gefe biyu har ya yi kaifi, suka ga inda ake ɗaura masa ƙota. Hannun mutum ne ya yi shi. Na ce ta mayar wa kaka da godiya, ta kuma tambaye ta a wace gona aka tsince shi.

Sai dai ka ja musu kunne da ƙarfi: kallo da tambaya aka aike su, ba haƙa ba. Abin tarihi in an cire shi daga inda yake kwance ba tare da an auna zurfinsa an rubuta abin da ke kewaye da shi ba, rabin labarinsa ya tafi. Haka aka yi wa gumakan yumɓu na Nok da yawa, masu haƙar sata suka kwashe aka sayar a ƙetare, ba a san ramin da suka fito ba. In yaro ko mahaifinsa ya ci karo da wani abu, a bar shi a wurin, a gaya wa mai unguwa ko dagaci, a sanar da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Ka tuna musu cewa abin da makiyayin Dufuna ya yi ke nan.

In makarantarku ba ta da nisa da Birnin Kudu a Jigawa, ka nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye ka kai su su ga zanen shanu a jikin duwatsun can. Ka sa kowa ya tafi da littafi da fensir, tambayoyin biyar a shafin farko. In kuwa babu kuɗin mota, ka roƙi masu shara su bar zanen tokar nan a fili na kwana biyu ko uku. 'Yan ƙananan aji za su zo su kewaye shi suna tambaya, sai ka tura ɗalibanka su yi musu bayani, kai kana gefe kana sauraron inda suka yi daidai da inda za ka sake maimaitawa.